Haɗeja Daga Ƙarƙashi: Tarihin Ƙasar Tun Kafin Kogi

Ƙasar Haɗeja shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da dutse. Daga Auyo zuwa Kirikasamma, daga Kafin Hausa zuwa Birniwa, abin da ƙafa ke takawa bai wuce rairayin jigawa da baƙar lakar fadama ba, tsayin ƙasar kuma kimanin mita 350 ne daga doron teku. Da ƙasa aka gina ganuwar birnin, da ita aka yi soraye da zaurukan da, tsakuwar gini da ta titi kuwa sai an ɗauko ta a tifa daga nesa. Mai son ganin dutse a tsaye sai ya nufi Dutse, ko Birnin Kudu, ko Kazaure, ko Shira ta jihar Bauchi.

Dutsen dai yana nan a ƙarƙashin Haɗeja, yashi da yumɓu ne suka binne shi. Yadda aka yi ya nutse, da inda yashin ya fito, da dalilin da ya sa kogin Haɗeja ya ba teku baya ya nufi arewa maso gabas, duk suna da asali guda, wato motsin da ake yi a can cikin duniya, a ɓangaren da masana ke kira mantil. Ilimin auna aisotop a duwatsu da ruwa shi ne ya ba da damar sa wa wannan tarihi shekaru da jera shi daki-daki.

Mantil da yadda ake saninsa

Duniya hawa-hawa ce. Ɓawon da mutane ke zaune a kai, kaurinsa a ƙarƙashin nahiyoyi galibi kilomita 30 zuwa 40 ne. Daga nan sai mantil, wanda ya nutsa har zurfin kilomita 2,900 kafin a kai ga cibiyar ƙarfe, shi ne kuma ya kwashe kashi 84 cikin ɗari na girman duniya. Ana yawan ɗauka cewa tafasasshen ruwan dutse ne, alhali daskararren dutse ne, mai launin ganye-ganye a samansa saboda ma'adinin olibin. Zafi da nauyin da ke kansa ne suka sa yake motsi a hankali, 'yan santimita a shekara, mai zafi na tasowa, mai sanyi na nutsewa. Wannan motsi ke jan nahiyoyi, ya haɗa su, ya raba su. Inda kuwa wani ɓangarensa ya taso sama nauyi ya ragu a kansa, sai kaɗan daga cikinsa ya narke ya nemi hanyar fita.

Ba a taɓa haƙa rami daga tudu ya kai mantil ba. Mafi zurfi shi ne wanda aka haƙa a Kola ta ƙasar Rasha, ya tsaya a kilomita 12 da 'yan kai, bai ko kai rabin ɓawon ba. Saboda haka abin da mantil ya aiko sama da kansa ake bincika, a tambaye shi asalinsa.

Sinadari guda yakan zo da ƙwayoyin zarra iri biyu ko fiye, halinsu ɗaya amma nauyinsu ya bambanta. Su ake kira aisotop, sunan da Frederick Soddy ya fito da shi a 1913. Wasunsu ba su da zama, suna rikiɗa su koma wani sinadari a bisa wani wa'adi da zafi ko sanyi ba ya sauya shi. Rabin yuraniyam-238 yana komawa dalma cikin shekara biliyan 4.47. Rubidiyam-87 yana komawa sitirontiyam-87, rabinsa cikin kimanin shekara biliyan 49. Kabon-14 kuwa gajeren wa'adi gare shi, shekara 5,730, shi ya sa ya dace da itace da ƙashi da ruwan rijiya. Idan aka auna abin da ya rage da abin da ya rikiɗa, sai a lissafa shekarun da dutse ya yi tun da ya daskare. Arthur Holmes ya gwada haka tun 1911, a 1956 kuma Clair Patterson ya fitar da shekarun duniya kanta, biliyan 4.55, adadin da har yau bai gusa sosai ba.

Amfani na biyu ya fi wannan zurfi. Duk lokacin da mantil ya ɗan narke, rubidiyam yakan bi narkakken dutsen zuwa sama, ya taru a ɓawo. Cikin dogon zamani sai ɓawo ya tara sitirontiyam-87 mai yawa, mantil kuma ya saura da kaɗan. Idan aka raba yawan sitirontiyam-87 da na sitirontiyam-86, dutsen da ya fito kai tsaye daga mantil yakan ba da 0.702 zuwa 0.704, tsohon ɓawon nahiya kuwa yakan haura 0.710, wani lokaci da nisa. Kamar yadda tsagar fuska ke nuna gidan da mutum ya fito ko da ya yi nisa da garinsu, haka wannan ɗan adadi ke nuna asalin dutse. Paul Gast ne ya kafa wannan hanya a farkon shekarun 1960. A 1964 shi da George Tilton da Carl Hedge suka nuna cewa duwatsun tsibiran Gough da Ascension na tekun Atlantika sun sha bamban, ke nan mantil ba gauraye yake bai ɗaya ba, yana da sassa masu tarihi daban-daban. A 1976 Donald DePaolo da Gerald Wasserburg suka ƙara da ma'aunin niyodimiyam, wanda ke iya faɗin lokacin da kayan wani dutse suka fara rabuwa da mantil ko da dutsen ya sake narkewa daga baya.

Tsohon harsashi

Duwatsun da ke ƙarƙashin Haɗeja su ne waɗanda suka fito fili a Kano da Zariya da Kaduna da yammacin Jigawa. J. D. Falconer, wanda ya yi aikin binciken ma'adinai a Arewa a farkon mulkin Turawa, ya wallafa bayaninsu a 1911. Shi ne ya raba giranit ɗin ƙasar gida biyu, tsofaffi da sababbi, ta hanyar lura da wanda ya keta wani. Ba shi da abin auna shekaru, idonsa da gudumarsa kawai, amma rabon nasa ya tsaya.

Awo ya fara zuwa a shekarun 1960, sai aka ga mafi yawan waɗannan duwatsu suna nuna shekara miliyan 600 ko kusa da haka. An sami irin wannan adadi a sassan Afirka da dama, har W. Q. Kennedy ya ba al'amarin sunan da ke nuna ya game nahiyar a 1964. Abin da ya faru a lokacin karo ne. Tsohon dunƙulen ƙasar da ke ɗauke da Gana da Burkina Faso da Mali a yau ya haɗu da guntayen ƙasashen da ke gabas da shi, tekun da ke tsakaninsu ya rufe, manyan tsaunuka suka tashi. Gindin tsaunukan ya narke ya zama tsofaffin giranit, laka da yashin tsohon teku kuma suka gasu suka nannaɗe, irinsu ne tuddan Kazaure. Tsaunukan sun zaizaye ƙarƙaf tuntuni. Gindinsu ne ake noma a kai a Kano yau. A 1967 Patrick Hurley da abokan aikinsa suka gano cewa iyakar da ta raba duwatsu masu shekara miliyan 600 da masu biliyan 2, wadda ta faɗa teku kusa da Ankara ta Gana, ta sake ɓullowa a arewa maso gabashin Barazil daidai inda ya kamata in an manne nahiyoyin biyu. Wannan na daga cikin hujjojin da suka rufe gardamar ko nahiyoyi na tafiya.

Sai dai miliyan 600 shekarun gasuwa ne, ba na haihuwa ba. Ma'aunin niyodimiyam ya nuna cewa kayan ɓawon Arewa da yawa sun bar mantil tun shekara biliyan 2 zuwa 3 da wani abu, batun da Silas Dada ya yi aiki a kansa sosai. A 2001 Alfred Kröner da Barth Ekwueme da Robert Pidgeon suka auna ƙwayoyin zarkon daga wani dutse a Kaduna, suka sami shekara biliyan 3.57. Zarkon ɗan ƙanƙanin ma'adini ne da bai kai ƙwayar gero ba, mai taurin kai, yana riƙe yuraniyam da dalmarsa ko da dutsen da ke ɗauke da shi ya narke. Wannan dutse na Kaduna yana cikin mafi tsufa da aka sani a Afirka ta Yamma.

Duwatsun Dutse da danginsu

Sababbin giranit na Falconer su ne babin da ya fi jan hankalin masana na duniya, kuma Jigawa na da rabo babba a cikinsa. Tuddan da suka kewaye garin Dutse, da na Birnin Kudu inda zanen mutanen da yake a jikin kogo, da na Kila da Warji, da Fagam, da Shira, da Ningi, da Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, har zuwa Jos, duk dangi ɗaya ne. Sun haura hamsin a Najeriya. Kowannensu gindin wani dutse mai aman wuta ne da ya mutu. Narkakken dutse yakan taru a zurfin 'yan kilomita, ya yi aman toka da wuta, sai rufin ya rufta ciki a kewaye, sabon narkakken dutse ya cike tsagar ya daskare. Da zaizaya ta cinye saman, sai zoben ya bayyana. Shi ya sa a hoton sama ake ganin su da'ira-da'ira. R. R. E. Jacobson da W. N. MacLeod da Russell Black sun yi cikakken bayanin siffarsu a 1958.

Jerin bai tsaya a iyakar Najeriya ba. Ya taso daga tsaunukan Azbin, inda wani zobe ya kai faɗin kilomita 65, ya biyo ta Damagaram da Gure da ƙasar Muniyo, ya shigo ta Daura da Dutse, ya gangara har Afu a jihar Nasarawa, tafiyar sama da kilomita 1,000. Da aka auna su da rubidiyam da sitirontiyam a shekarun 1970 da farkon 1980, aikin da Peter Bowden na jami'ar St Andrews da Otto van Breemen suka jagoranta, sai wani tsari ya fito. Na Azbin sun kai shekara miliyan 480 zuwa 400. Na Damagaram da Muniyo miliyan 330 zuwa 260. A binciken da M. A. Rahaman na jami'ar Ife ya fitar tare da su a 1984, Dutse ya ba da miliyan 213, Afu kuma miliyan 141, Jos na tsakani da kusan 164. Wutar ta yi ta gusawa kudu sama da shekara miliyan 300.

Bayanin da ya fara zuwa zuciya shi ne na tsibiran Hawai: wani ginshiƙin zafi yana tasowa daga zurfin mantil yana tsaye wuri ɗaya, nahiya na wucewa ta kansa tana samun ƙuna bi da bi. An kawo wannan ra'ayi kan duwatsun Najeriya tun 1971. Yana da daɗin ji, amma awon bai zauna masa daidai ba. Gusawar ba a miƙe take ba. Wutar takan bi wani layi gabas da yamma na ɗan lokaci, sannan ta yi tsalle kudu ta kama wani, akwai kuma dogayen tazara da ba a yi komai ba. Ga shi kuma alƙiblar da saurin ba su dace da tafiyar da aka san nahiyar ta yi a wancan zamani ba. Don haka da yawan masana suka karkata ga cewa tsofaffin tsagogin da karon shekara miliyan 600 ya bari ne suke buɗewa ɗaya bayan ɗaya yayin da nahiya ke jan jiki, kowace buɗewa ta rage nauyi a kan mantil ya ɗan narke. Wannan bayani ya fi dacewa da abin da ke ƙasa, ko da yake bai gama warware dalilin da ya sa gusawar ta riƙe kudu tsawon wannan zamani ba, muhawarar kuma ba ta mutu ba.

Tambaya ta biyu ita ce daga ina narkakken dutsen ya fito. A nan sitirontiyam ya ba da amsa mai harshen damo: wasu duwatsun sun fara da kusan 0.705, dab da na mantil, wasu sun haura 0.720, wanda sai tsohon ɓawo. A 1991 Alan Dickin da Alex Halliday da Bowden suka haɗa da dalma da niyodimiyam, suka kai ga cewa asalin daga mantil ne, amma a hanyarsa ta tasowa ya narkar da tsohon ɓawo ya haɗiye, wani da yawa wani kaɗan. Daga 2019 zuwa yau masu bincike 'yan Najeriya da ke aiki da ɗakunan gwaje-gwaje na ƙasar Sin sun sake auna da dama da zarkon da sinadarin hafniyam. Wasu adadin sun gusa da 'yan miliyoyin shekaru, amma jerin arewa zuwa kudu da gaurayen asalin duk sun tabbata.

Wannan ba zancen masana kaɗai ba ne. Yayin da irin wannan narkakken dutse ke hucewa a hankali, sinadaran da ba su sami shiga ma'adinan farko ba sukan taru a ruwan ƙarshe, su cike tsagogi. Haka kuza da kwalambait suka samu. Maƙeran Riruwai sun daɗe suna narka kuza suna zuba ta siri-siri 'yan kasuwa na kai ta nesa tun kafin Turawa su ji labarinta, bin sawun wannan kuza ne ma ya kai kamfanonin Ingila tudun Jos a farkon ƙarni na 20. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait. Yuraniyam ɗin da ake haƙa a Arlit tun 1971, mafi rinjayen ra'ayi shi ne daga duwatsu da tokar aman wutar Azbin ruwa ya wanko shi ya zuba cikin yashi.

Akwai abin takaici a nan da ya kamata a faɗa. Kusan duk adadin da aka ambata a sama a ƙasashen waje aka auna su, a Sikotilan da Faransa da Ostireliya da Sin. Ana fasa dutse a Jigawa ko Bauchi, a niƙa shi, a sa a jirgi. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya ta kafu tun 1919, Dutse ta sami jami'ar tarayya a 2011 a gindin waɗannan tuddai da ake karanta sunansu a jami'o'in duniya, amma injin fasa tsakuwa ya fi na'urar auna nauyin zarra kusa da su.

Tsagewa da nutsewa

Wutar sababbin giranit na mutuwa a Afu, sai babban al'amari ya fara: Afirka da Kudancin Amurka suka soma rabuwa. Tsagar ba ta bi gaɓar teku kaɗai ba. Wani reshenta ya kutsa cikin nahiya ya zama kwarin Binuwai, mai tsawon kimanin kilomita 1,000, ya wuce ta Gongola zuwa ƙarƙashin Borno, ya haɗu da kwarin Termit a gabashin Nijar. Reshen bai kai ga zama teku na dindindin ba, amma wajen shekara miliyan 95 zuwa 90 da suka wuce ruwan teku ya bi ta cikinsa har ya sadu da wanda ya taso daga arewa ta Sahara. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka a wannan ruwa ta kwanta. Man da ake haƙa a Agadem ana tacewa a matatar Damagaram tun 2011 daga lakar waɗannan kwaruruka ya dahu.

Haɗeja ba ta cikin tsagar, tana gefenta na yamma. Amma ɓawon da aka ja ya yi siriri, idan ya huce sai ya nutse, ya ja maƙwabtansa. A hankali wani faffaɗan kwari ya samu, mai faɗin sama da murabba'in kilomita miliyan 2, wanda tafkin Chadi ke cikinsa. Yashi da yumɓun da suka cika samansa cikin 'yan miliyoyin shekarun nan su ne ƙasar Haɗeja. A bakin kwarin, wajen Ringim da Dutse, ba su da kauri, mai haƙa rijiya yakan ci karo da dutse. Ana yin gabas suna ƙara kauri, har su kai ɗaruruwan mita a Maiduguri.

Biu, Jos da gangaren kogi

Mantil bai yi shiru a yankin ba. Tudun Biu baƙin dutsen basalt ne da ya malalo cikin shekara miliyan 5 da suka wuce, wasu tuddansa ba su kai shekara miliyan ɗaya ba, tafkin Tila kuma bakin dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika. Akwai irinsu a Panyam da Kerang a tudun Jos. A cikin wannan baƙin dutse akan tsinci dunƙulen kore, guntun mantil ne kansa da narkakken dutse ya fizgo daga zurfin gomman kilomita ya fito da shi bai narke ba. Nan ne mafi kusa da Haɗeja da mutum zai iya riƙe mantil a tafin hannunsa.

Ana lissafa Biu cikin jerin duwatsun aman wuta na Kamaru, wanda rabinsa ke tudu rabinsa ke teku. A 1985 Godfrey Fitton da H. M. Dunlop suka nuna cewa basalt ɗin tudu da na tsibiran teku kusan iri ɗaya ne a sinadari da sitirontiyam, alamar cewa tushensu ya wuce ɓawo, yana cikin mantil mai motsi. A 2005 Kai Rankenburg da abokan aikinsa suka auna na Biu da Jos, suka ware gudummawar mantil mai zurfi da ta ɓangaren da ke manne a gindin nahiya da ta ɓawo. Iskar da ta taso daga tafkin Nyos na Kamaru a daren 21 ga Agusta 1986, wadda ta kashe mutum kimanin 1,700, ita ma an bi asalinta da aisotop. Hiliyam-3 da ke cikinta ya ninka na iskar sarari kusan sau shida, shi kuwa tun halittar duniya yake ɓoye a mantil.

Inda mantil mai zafi ya matso sama, ƙasa takan kumbura. Kevin Burke ya yi nuni a 1976 cewa kwarin Chadi kewaye yake da irin wannan kumburi: Azbin, Hoggar, Tibesti, Darfur, Adamawa da Jos, galibinsu da aman wuta a kai. Tudun Jos ya kai mita 1,800 a tsaunukan Shere. Daga can kogin Jama'are ya taso, kogin Kano kuma daga wajen tuddan Riruwai, ya haɗu da Chalawa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja. Tudu a kudu maso yamma, kwari a arewa maso gabas, ruwa ba shi da zaɓi. Yashin da ake ɗiba a gadon kogin ragowar tsofaffi da sababbin giranit ne da damina ta niƙe ta kawo.

Rairayi, tafki da ruwan rijiya

Babin ƙarshe gajere ne a shekaru, amma shi ya fi bayyana a fuskar ƙasar. Wajen shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai, Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Iskar arewa maso gabas ta jera rairayi dogaye-dogaye a kan ƙasar Haɗeja da Gumel da Katagum. A. T. Grove ya bayyana wannan tsohuwar hamada ta ƙasar Hausa a 1958. Tuddan sun lafa, ciyawa da gero sun rufe su, amma har yau su ke juya ruwa. Kogin da ya shigo tsakaninsu ba shi da gangare, sai ya rarrabu: reshen Kafin Hausa, tsohon kogin Haɗeja, Marma da ta nufi tafkin Nguru, da Burum Gana. Fadamar Haɗeja da Nguru, da shinkafarta da kifinta da tsuntsayen Baturiya, daga wannan haɗuwa ta ruwa da tsohon rairayi ta samu.

Daga baya damina ta dawo da ƙarfi. Wajen shekara 7,000 da suka wuce tafkin Chadi ya kai faɗin kimanin murabba'in kilomita 350,000, gaɓarsa ita ce doguwar jigawar da ta bi ta Bama da Maiduguri ta nufi Gaidam, a tsayin mita 320 da ɗoriya. Bai iso Haɗeja ba, amma bakin kogin ya matso kusa ƙwarai. Kwalekwalen da wani makiyayi ya tono a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 yana haƙa rijiya, mai tsawon mita 8.4, kabon-14 ya ba shi kimanin shekara 8,000, mafi tsufa da aka samu a Afirka.

Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasar ma an auna shi. A 1999 Mike Edmunds da Ibrahim Baba Goni na jami'ar Maiduguri da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon ruwan rijiyoyin burtsatse masu zurfi na kwarin Chadi a Borno da Yobe. Ruwan ya shiga ƙasa ne shekara 24,000 zuwa 18,600 da suka wuce, iskar da ta narke a cikinsa kuma ta nuna cewa yanayin wancan lokaci ya fi na yau sanyi da kusan digiri shida. Ruwa ne na ajiya, abin da aka zuƙa ba ya dawowa a zamanin ɗan'adam, rijiyoyin da suke feso ruwa da kansu a shekarun 1960 kuma da yawa ƙarfinsu ya ragu.

Ruwan sama-sama da manoman rani ke ja da injin ban-ruwa a fadamar Haɗeja labarinsa daban ne. Ruwan da ya kwanta a fili rana ta sha shi yakan rasa ƙwayoyinsa marasa nauyi, oksijin-18 ya yawaita a ragowar. Ana samun wannan alama a rijiyoyin da ke kusa da kogi da fadama, tana raguwa in an yi nisa da su. Ma'anarta ita ce ambaliyar shekara-shekara na daga cikin manyan masu cika rijiyoyin, ba ruwan sama kaɗai ba.

Wannan ya sa lissafin madatsun ruwa ya shafi har abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Chalawa na 1992 suna riƙe da kimanin kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Filin da ambaliya ke rufewa ya haura murabba'in kilomita 2,000 a 1969 da 1974, a farkon shekarun 1990 kuwa bai kai 1,000 ba, fari da madatsun suka haɗu a kansa. Sakin ruwa a rani ya sa kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa suna nutsewa a damina kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, wasu rassan kuma sun ƙafe. Kogin Jama'are shi ne har yanzu ba a datse ba, domin aikin dam ɗin Kafin Zaki da aka fara tun ƙarshen shekarun 1970 ya tsaya, kuma shi ke kawo mafi yawan ruwan da ke wucewa Gashuwa zuwa kogin Yobe.